Mallakar Wuƙa Ba Ta Mai Da Mutum Mahauci

A shekarar 2016 ne gwamnatin Kamaru ta bayyana shirin raba wa ɗaliban manyan makarantun ƙasar nan kwamfutoci 500,000, tare da gina cibiyoyin fasahar zamani a jami'o'in gwamnati, bisa rancen sefa biliyan 75 da aka karɓo daga ƙasar Sin. A watan Disamba na 2017 aka soma rabo, kuma ba a jima ba ƙananan na'urorin nan masu tambarin PB HEV suka shigo gidajenmu, tun daga Briketeri ta Yawunde da New Bell ta Duwala har unguwannin Hausawa na Ngaundere da Garwa da Marwa. Iyaye suka karɓa suka jujjuya, suka sa albarka, ƙanne suka kewaye yayyensu suna leƙe. An yi ta muhawara a kan ƙanƙantar ma'ajiyarsu, wadda ba ta wuce giga 32 ba, amma mu abin da ya tsaya mana a rai daban ne. Na'ura iri ɗaya aka bai wa kowa, sai ga shi a hannun wani ta zama abin rubuta kundin digiri, a hannun wani ta zama akwatin kallon finafinan Kano da na Indiya, wani kuma ko wata bai yi da ita ba ya kai ta kasuwa. Abin da ya raba waɗannan yara shi ne wanda ya taɓa zama a gaban mai koyarwa aka nuna masa yadda ake aiki da ita, da wanda bai taɓa ba.

Mu da muke wannan magana 'ya'yan unguwannin nan ne da Allah Ya nufa da ratsa jami'a. A cikinmu akwai masu koyarwa, akwai ma'aikatan ofis, akwai waɗanda har yanzu suke fama da karatun digiri na biyu. Kakanninmu fatauci ne ya kawo su, suka zauna da ɗinki da fawa da dukanci da cinikin goro da na shanu, kuma a gidaje da yawa ɗan da ya shiga jami'a yau shi ne na farko a zuri'arsu. Jami'o'in ma sun matso kusa da mu. A da sai an je Yawunde, har gyaran 1993 ya samar da jami'o'i 6, ciki har da ta Ngaundere da ke Dang. Ta Marwa ta biyo baya a 2008, ta Bamenda a 2010, sannan na Garwa da Bertuwa da Ebolowa a 2022, suka cika 11. Duk da haka ba mu da yawa a cikinsu. Saboda ƙarancinmu ne yake yi mana ciwo mu ga yaro mai ƙwaƙwalwa, wanda ubansa ya tara sefa 50,000 na rajista da gumin keken ɗinki, ya koma baya a kan abin da ake iya koya a 'yan makonni.

Azuzuwan da muke nufi ba ɓoyayyu ba ne. Cibiyar kwamfuta ta jami'a kan shirya su, wani lokaci ɗakin karatu, wani lokaci sashe ko ƙungiyar ɗalibai, kuma ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci, wato AUF, ta daɗe tana gudanar da irinsu a cibiyoyinta na Yawunde da Ngaundere. Akan liƙa sanarwa a allon bango, a tsakanin sakamakon jarrabawa da tallan ɗakin haya, ana kiran ɗalibai da malamai da ma'aikata su zo su koyi wata manhaja. Wasu kyauta ne, wasu da ɗan abin da ba a rasa ba. Sau da yawa mun shiga irin waɗannan azuzuwa mun duba hagu mun duba dama, muka tarar 'yan unguwarmu ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba, alhali mun baro su da dama a ƙarƙashin bishiya kowa ya sunkuya a kan wayarsa.

Wayar nan ita ce ta fara ruɗin matasanmu. Yaron da yatsansa yake gudu a kan WhatsApp da TikTok yakan ɗauka ya gama da ilimin na'ura, sai ranar da aka ce ya kawo rubutu mai shafi 80, da jerin abubuwan da ke ciki, da lambobin Rumawa a shafukan gabatarwa da na yau da kullum a sauran, da bayanan ƙasan shafi. A nan ido yake raina fata. Mun ga ɗalibin da ya kwana yana jera ɗige-ɗige da hannu tsakanin sunan babi da lambar shafi, da safe malaminsa ya ce a ƙara sakin layi ɗaya a babi na farko, lambobin duka suka gurɓace. Wanda ya zauna a aji ya san cewa a manhajar Word ana sa wa kowane kan babi salonsa tun farko, daga nan na'urar da kanta take tsara jerin, ta kuma gyara shi da zarar an umarce ta duk sa'ad da rubutu ya motsa. Ya san yadda ake raba kundi sashe-sashe domin kowane sashe ya ɗauki irin lambarsa. Ya ji labarin Zotero, manhajar kyauta da take adana sunayen littattafai da marubutansu ta jera su a ƙarshen kundi bisa tsarin da sashe ya zaɓa. In bincikensa na ƙididdiga ne, ya san SPSS ta kuɗi ce, R kuwa kyauta. Sama da duka ya san cewa aikin da yake wuri ɗaya tak ba a adana shi ba, domin 'yar ma'ajiyar nan da muke kira kile tana ɓata, tana kuma kwaso cuta a kowace na'ura aka soka ta.

Zamanmu a ƙasa mai harsunan hukuma biyu ya ƙara wa lamarin wani kulli da 'yan'uwanmu na Kano ko na Kumasi ba su san shi ba. Allon madannai na ɓangaren Faransanci da haruffan AZERTY yake farawa, kuma sai an haɗa da madannin manyan baƙaƙe kafin lamba ta fito, na ɓangaren Ingilishi kuwa da QWERTY yake farawa. A manhajar Excel, umarnin da ɗalibin Buea ya sani da SUM, ɗalibin Ngaundere da SOMME ya san shi, AVERAGE kuma MOYENNE. Ɗaya yana raba lamba da ɗigo, ɗayan da waƙafi. Ko kaurara harafi a Word, a na Ingilishi Ctrl da B ne, a na Faransanci Ctrl da G. Yaronmu da ya koya daga bidiyon Ingilishi a waya, ya zo ya zauna gaban na'urar ofis mai Faransanci, sai ya ga ta ƙi shi, ya yanke cewa shi ne ba shi da kai. Minti biyar a gaban mai koyarwa da ya san ƙasar nan sun isa su warware masa wannan.

Wanda bai koya ba hanya ɗaya ce ta rage masa, wato shagunan buga takardu da suka kewaye kowace jami'a. Ba mu raina masu wannan sana'a ba, halaliyarsu suke nema, wasunsu ma namu ne. Sai dai Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi saƙo. Kowane shafi da kuɗinsa, kowane gyara da nasa, kuma kundi ba ya isa gaban alƙalan kare digiri sai an gyara shi sau da yawa. Mai bugawa yana da aikin mutum goma a gabansa, ba shi da lokacin tambayar abin da kake nufi da kalmar da bai gane ba, zai buga abin da idonsa ya ba shi. In kuwa a cikin rubutun akwai Hausa, ko karin magana ce ko hirar da aka yi da wani dattijo, to a nan ɓarnar take yawa. Baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa, ɗa ya koma da, ɓata ya koma bata. Mai karatu da bai ji Hausa ba ba zai lura ba, amma kundin zai zauna a ɗakin karatu shekara da shekaru da maganar kakanninmu a gurgunce.

Wannan batu na haruffa masu lanƙwasa ya isa shi kaɗai ya kai mu azuzuwan nan. Mai koyarwa yakan nuna yadda ake fitar da é da è da ç, domin su aka tambaye shi. Ba ƙiyayya ce ta hana shi nuna ɓ da ɗ da ƙ ba, babu wanda ya ɗaga hannu ya tambaya ne. Alhali haruffan suna nan cikin na'urar, kowanne da lambarsa a tsarin Unicode: ɓ ita ce 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ kuma, wadda ake rubutawa a Nijar inda Nijeriya take rubuta 'y, 01B4. Manyansu kuwa 0181 da 018A da 0198 da 01B3. A Word sai a rubuta U+ a bi shi da lambar, a danna Alt da X tare, a wasu na Faransanci Alt da C, harafin ya fito. Wanda ba ya son wannan wahala kullum yana iya ɗaura wa kowane harafi gajeriyar hanya sau ɗaya, ko ya ɗora manhajar Keyman ta kyauta. Ba mu kaɗai ke da wannan buƙata ba. Maƙwabtanmu Fulani suna rubuta ɓ da ɗ da ƴ, tsarin bai-ɗaya na rubuta harsunan Kamaru da aka amince da shi a 1979 ya ƙunshe su, tsarin mulkin 1996 kuma ya ɗora wa ƙasa kare harsunan gida da bunƙasa su. Ɗalibi ɗaya da ya tashi a aji ya yi wannan tambaya ya yi wa harshensa hidimar da ta fi dogon jawabi a ranar taron al'ada.

Maganar ba ta tsaya ga ɗalibai ba, domin sanarwar malamai da ma'aikata ma take kira, kuma a nan ne nauyin ya fi yawa. Mutumin da ya shekara ashirin ana miƙe masa in ya shigo aji, yanzu an ce ya zauna a benci ɗaya da yaron da ya ba maki jiya, a gaban mai koyarwa sa'an ɗansa, ya riƙe linzamin kwamfuta hannunsa na rawa kowa na gani. Ga wanda ya tashi a cikin tarbiyyar kunya da kiyaye girma, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mun san malaman da suka gwammace su riƙa kiran wani ɗalibi ofis a asirce ya shigar musu da maki, ba tare da sun auna cewa sun damƙa masa sirrin aji duka ba. Mun san ma'aikatan da aka riƙa tsallakewa wajen ba da aiki, sannu a hankali teburinsu ya zama wurin ajiye tsofaffin fayiloli, ƙananansu suka wuce su a matsayi, ba don sun fi su sanin aiki ba.

A wani aji da muka halarta akwai wani dattijo ɗan unguwarmu, ma'aikacin ofishin rajista, wanda rubutun hannunsa ya yi suna har ana kawo masa takardun ɗaurin aure ya rubuta. Shekarun ritayarsa sun kusa, amma ya zo da littafi da biro ya zauna a layin gaba. Mai koyarwar ya matso ya ce, "Baba, ku danna nan, kada ku ji tsoro, ba za ta lalace ba." Dattijon ya ce, "Ɗana, ba lalacewarta nake tsoro ba, saurinka nake tsoro. Maimaita mini kamar kana biya wa yaro karatu." Aji ya yi dariya, shi ma ya yi, daga ranar kuma sauran manya suka sami bakin tambaya. Kafin a rufe ajin, shi ne yake gano wa matasa inda lissafinsu ya karkace, domin shekarun da ya yi yana jera sunaye da maki a kan takarda sun koya masa abin da na'ura ba ta koyarwa, wato sanin lambar da ba ta yi kama da gaskiya ba. Duk wanda ya taɓa rubuta takardar koke saboda makinsa ya ɓata ko ya faɗa layin wani ya san darajar irin wannan ido. Layi ɗaya da ya zame a jadawali yana iya cin shekarar yaro guda.

Shekarar 2020 ta tona wannan asiri a fili. Da aka rufe makarantu daga 18 ga Maris saboda annobar korona, har zuwa farkon Yuni, aka ce karatu ya ci gaba daga nesa. Malaman da suka taɓa zama a ajin Moodle da makamantanta suka ɗora darussansu a tsare, suka karɓi aikin gida, suka mayar da gyara. Sauran kuwa sai hoton takardun hannu da aka ɗauka a karkace aka watsa a zaurukan WhatsApp, ɗalibai suna zuƙo shafi suna ƙoƙarin gane kalma. Ilimin waɗannan malamai bai ragu ba ko kaɗan, hanyar isar da shi ce ta toshe musu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

In muka duba gidanmu da kyau, kunyar nan ba ta da tushe a al'adarmu ta neman ilimi. A zaurukan unguwanninmu mun tashi muna ganin masu furfura sun naɗe ƙafa a kan buzu da littafi a hannu, a gaban malamin da suka girma, suna jiran layinsu ya zo, babu wanda ya ce girmansu ya zube. Tun can aka ce gemu ba ya hana ilimi. Iyayenmu maɗinka da suka gāji allura da zare ba su tsaya jin nauyi ba sa'ad da keken aiki ya shigo, suka je wurin wanda ya riga su iyawa suka koya, shi ya sa har yau in ana neman aikin babbar riga a Yawunde unguwarmu ake nufowa. Mahautanmu kuwa sun san yaro yakan daɗe yana kallon hannun maigidansa kafin a yarda ya yanka tsokar da za a tsire, ko da wuƙarsa ta fi ta kowa kaifi.

Akwai kuma batun 'ya'yanmu mata, wanda yake buƙatar iyaye su saurara da kunnen basira. Galibin azuzuwan nan bayan an tashi daga darasi ake yin su, ko ranar Asabar, domin a lokacin ne ɗakin na'urori yake samuwa. Yarinyar da aka ce lallai ta kasance a gida kafin magariba, ko matar aure da girki yake jiranta, ita ce ta farko da take janye sunanta. Daga baya ita ce za ta ɗauki rubutunta ta kai shago, ta zauna awa da awa a gefen namijin da ba ta sani ba tana karanta masa yana bugawa, ta kuma biya. Uban da yake kishin mutuncin 'yarsa ya auna waɗannan biyun ya ga wanne ya fi kusa da abin da yake so. Ana iya haɗa su su biyu ko uku su tafi tare su dawo tare, ana iya sa wa ko ƙane ya raka su, kuma idan sun kai adadi suna iya neman a buɗe musu zama na rana. Masu shirya azuzuwan sukan saurari jama'ar da ta zo da jerin sunaye fiye da mutum ɗaya mai ƙorafi.

Ba mu ce azuzuwan ba su da aibi ba. Wuta tana ɗaukewa a tsakiyar darasi, wani lokaci mutum uku ne a kan na'ura ɗaya, mai koyarwa yakan yi gudu da Faransancin da ya cika da kalmomin fasaha, wasu kuma takardar shaida kawai suka zo karɓa. Dabarar da muka ga tana aiki ita ce mutum ya je da nasa aikin, babin kundinsa ko jerin makin ajinsa, ya gwada abin da aka koya a kansa tun a makon, domin abin da hannu bai maimaita ba kai ba ya riƙe shi. Wanda ba shi da kuɗin lasisin manhaja kada ya ɗora ta sata mai tafe da cuta, akwai LibreOffice ta kyauta da take buɗe fayilolin Word da na Excel. Wanda kuma ya fahimta ya dawo unguwa ya zaunar da biyu ko uku ya maimaita musu da Hausa. Mun ga yadda abin da ya gagari mutum awa biyu da Faransanci yake shiga cikin minti goma idan aka ce masa, wannan akwati gidan lamba ne, wancan kuma shi yake tara abin da ke samansa.

Amfanin kuma ba ya tsayawa a ƙofar jami'a. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974 mutanenmu suke loda shanu da kaya zuwa kudu, kuma har yau lissafin da yawansu yana cikin ka ne, ko cikin littafin da ruwa ɗaya zai iya shafewa. Ɗiyar da ta koyi jadawali domin kundinta ita ce za ta jera wa mahaifinta masu bashinsa da ranakun biya, ta tsara wa mahaifiyarta zubin adashi yadda ba za a yi musu a kan wanda ya ɗauka da wanda ya rage ba. Ɗan da ya iya tsara takarda shi zai rubuta wa ƙungiyar unguwa wasiƙar da za a karanta a ofishin magajin gari ba a ture ta gefe ba. Al'ummar da take 'yar tsiraru a ƙasa, da takarda take kare haƙƙinta, takardar yau kuwa a kan na'ura ake haifarta.

Saboda haka muna roƙon ƙannenmu da ke karatu, idan kun ga sanarwar nan ku rubuta sunayenku tun wuri bai cika ba, ku zauna a gaba, ku yi tambaya, har da ta haruffanmu. Iyayenmu da yayyenmu malamai da ma'aikata, ku yi mana jagora a wannan kamar yadda kuka yi a sauran, domin zaman ɗayanku a bencin nan yana cire wa yara goma nauyi. Iyayen gida kuma, in yaro ya dawo hutu, bayan an tambaye shi sakamako a tambaye shi ko da hannunsa yake buga aikinsa. Wanda duk ya ji an buɗe irin wannan aji a makarantarsa, a Dang ne ko Marwa ko Soa ko Duwala, ya sanar da 'yan'uwa tun da sauran lokaci. Allah Ya yi wa karatun 'ya'yanmu albarka, Ya sa su amfani iyayensu da unguwannin da suka fito.